Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Jagororin Al'ummomin Fasaha Kan Kulle Amsoshi a Ɗakunan Hira

Assalamu alaikum.

Zuwa ga manyanmu kuma malamanmu, jagororin ayyukan manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke iya ganin lambobin da aka rubuta su da su, da masu kula da wuraren da ƙwararru da 'yan koyo ke haɗuwa a intanet. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, sannu da haƙuri da mu. Na san da yawanku ba wanda ke biyan ku a kan wannan hidima. Sai kun tashi daga aikin da ke riƙe da gidajenku, sannan ku zauna cikin dare kuna gyara kuskuren da wani ya kawo ƙorafi a kansa, wani lokaci ko na gode babu. Allah ya saka muku da alheri.

Sunana ba zai ƙara muku komai ba. Ni dai ɗaya ne daga cikin waɗanda suka koyi rubuta manhaja ba tare da sun zauna gaban malami ba, kuma da yawun irina nake magana, wato mutanen da ba ku taɓa jin muryarsu ba. Muna shigowa ta ƙofar injin bincike, mu karanta abin da kuka rubuta shekarun baya, mu warware matsalarmu, mu fice ba ko sallama. Ba ma cikin ƙidayar mambobinku. Amma duk mutum ɗaya da ya yi tambaya a fili, akwai jama'a masu yawa da suka biyo bayansa da irin tambayarsa, suka tarar da amsa tana jiran su. Mu ke nan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shawarar da kuke ta yankewa ɗaya bayan ɗaya, wasu da sanarwa wasu a shiru, ta rufe dandalin tattaunawarku da kowa ke iya karantawa, ko ku bar shi ya bushe da kansa, ku koma ɗakunan hira na Discord da Slack da Telegram. Yanzu in mutum ya buɗe shafin wani sabon aiki yana neman inda zai kai kukansa, sau da yawa maɓalli ɗaya zai tarar: shigo ɗakin hirarmu.

Ba zan yi kamar ban san dalilanku ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Riƙe buɗaɗɗen dandali wahala ce. Akwai kuɗin saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, akwai sabunta manhajar da ke ɗauke da shi, akwai 'yan tallar banza da ke yin rajista ɗari a dare ɗaya su cika wuri da shara, ku wayi gari kuna share-share maimakon aikin da ya tara ku. Ɗakin hira kuwa a minti biyar an buɗe shi, kyauta, yana cikin wayar kowa, ana iya magana da murya, ana iya nuna wa mutum allon kwamfuta ya ga matsalar da idonsa. Wasunku kuma tsoro ne ya kora su. A watan Mayun 2021 rikicin mallaka ya ɓarke a Freenode, wata tsohuwar cibiyar ɗakunan hira, inda ɗimbin ayyuka suka yi shekaru suna zaune, masu aikin sa-kai suka ajiye aiki suka kafa wata sabuwa mai suna Libera Chat, jama'a suka watse kowa ya kama gabansa. A Birtaniya, dokar kare lafiyar masu amfani da intanet ta 2023 ta ɗora wa masu shafuka nauyin da ya sa wasu masu ƙananan dandali suka ce sun gaji, gara su rufe. Ga kuma na baya-bayan nan: kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da ke sako injinansu su kwashe duk rubutun da ke fili, har su durƙusar da ƙaramar saba don yawan ɗiba.

Akwai dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, kuma laifin namu ne gaba ɗaya. Buɗaɗɗun wuraren sun yi kaurin suna wajen tsawa. Ɗan koyo zai tattara ƙarfin hali ya yi tambaya, kafin ya ƙifta ido an rufe ta da cewa an taɓa yin irinta, ko a ce masa ya je ya karanta littafin jagora, kuma wannan kunyar za ta zauna a intanet da sunansa har abada. Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, ya amfani duniya ƙwarai, amma a 2018 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa wurin ba ya karɓar baƙi da sakin fuska, musamman sababbin shiga da mata. To wa zai ga laifin wanda ya gudu inda za a ce masa barka da zuwa, inda tambayarsa ta rashin sani za ta nutse cikin hira kafin gari ya waye?

Sai dai kuma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, ni zan faɗa, ku yi mini afuwa. Wasu kamfanonin da ke bayan waɗannan ayyuka sun gane cewa ƙorafin da aka yi a rufaffen ɗaki ba ya fitowa in mai son sayen kayansu ya bincika sunansu. Sun kuma gane cewa adadin mambobin ɗakin hira abin nuna wa masu zuba jari ne. Ban ce dukanku ba. Amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Duk da haka ina da koke, kuma na farko shi ne mafi girma: amsar da aka bayar a rufaffen ɗaki, nan take mutuwa.

Bari in ba ku labari kaɗan. Shekarun baya, wani dare, rumbun bayanan da nake kula da shi ya ƙi tashi bayan na sabunta shi. Ya rubuto saƙon kuskure layi ɗaya da ban taɓa gani ba. Na kwafe layin yadda yake, na liƙa a injin bincike. Sakamako na uku wata tattaunawa ce da aka yi shekara goma sha ɗaya kafin wannan dare, tsakanin mutum biyu da ban san su ba, ban san ma ko suna raye ba. Ɗaya ya kawo matsalata sak, ɗayan ya bi da shi mataki-mataki, har da bayanin abin da ke haddasa ta. Kafin asuba aiki ya koma daidai. Wancan bawan Allah ya amsa wa mutum ɗaya ne a zatonsa, bai san da ni ba.

Bara kuma na ci karo da wata tangarɗa a wata sabuwar manhaja. Na yi yadda na saba, injin bincike ya ce bai san zancen ba. Shafin aikin ya tura ni ɗakin hirarsu. Na buɗe asusu, aka nemi lambar wayata, na bayar, aka ce in karanta dokoki in danna wata alama kafin a buɗe mini ƙofa, na danna. Na tarar da ɗakuna sun kai talatin, ban san wanne ne nawa ba. Da na yi tambaya, wani ya ce an amsa wannan tuni, in duba sama. Saman ina? Na yi ta ja, ina wuce barkwanci da hotuna da gaishe-gaishe da gardamar da ba ta shafe ni ba. Akwatin binciken ɗakin ya kawo mini guntayen maganganu ba kai ba gindi, ga tambaya a nan, amsarta kuma ta ɓace tsakanin zancen wasu mutum huɗu. Sai a rana ta uku wani mai kirki ya tausaya ya sake rubuta mini amsar, layi biyu kacal. Na gode masa, na rufe, na ci gaba da harkata. Sai daga baya na lura cewa ni ma ban rubuta ta ko'ina ba. Wanda zai zo bayana sai ya sake bin wannan doguwar hanya tun daga farko, in ma yana da haƙurin bi.

Ku dubi yadda abin yake aiki. Injin bincike yana karanta shafin da ke buɗe ne, wanda ke da adireshinsa na kansa. Abin da ke bayan ƙofar shiga ba ya ganinsa. A dandali kowace matsala tana da kanunta, tana da zarenta, tana da adireshin da za ka tura wa wani ko bayan shekara goma. Hira kuwa kogi ce, abin da ya wuce ya wuce. Discord ya ƙaro sashe mai kama da dandali a 2022, kuma ya rage hargitsi, amma har yanzu yana cikin gida, sai mai asusu kuma ɗan ɗakin ke ganinsa. Wato ilimin yana nan ana samar da shi kullum, wataƙila ma fiye da da, sai dai ba ya taruwa. Mun taso mun tarar da rumbu cike da abin da na gaba suka zuba, muna ta ɗiba, mu kuma abin da muke nomawa a gona muke cinye shi.

Kada a ɗauka ina ƙyamar hira ne. Hira tsohuwar aba ce a wannan fage. Tun 1988 Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro IRC, wata hanyar hira ta rubutu, a Finland, kuma masu rubuta manhaja sun yi shekara da shekaru suna kwana a cikinta. Amma a wancan zamani kowa ya san matsayinta. Ana hira a can, in magana ta yi nauyi sai a ce a kai ta inda za a rubuta. Sabon abu a yau shi ne hirar ta haɗiye rubutun.

Koke na biyu: gidan da kuka koma na haya ne, kuma ba ku ga takardar yarjejeniyar da kyau ba. Kafin Satumban 2022, masu amfani da Slack kyauta saƙonni 10,000 na ƙarshe kawai suke iya gani. Daga nan aka mayar da shi kwana 90. Daga Agustan 2024 kuma kamfanin ya fara goge abin da ya haura shekara ɗaya a irin waɗannan ɗakuna, gogewa ta har abada. Al'umma mai yawan magana tana iya rasa duk tarihinta alhali tana zaune a ciki ba ta sani ba. Tun a 2015 ma al'ummar Reactiflux, ta masu aiki da React, wani kayan gina shafukan intanet, ta tashi daga Slack zuwa Discord ne saboda an hana ta ƙara sababbin mambobi da ta yi girma. HipChat, wani ɗakin hira da kamfanoni da yawa suka dogara da shi, an rufe shi a 2019. Yahoo Groups, da ya ɗauki kusan shekara ashirin na tattaunawar mutane, an share abin da ke ciki, aka kulle shi a Disambar 2020. Ban kawo waɗannan don in zagi kowa ba. Kamfani kasuwanci yake yi. Salesforce da ya zuba dala biliyan 27.7 ya sayi Slack ba sadaka ya fito yi ba, kuma Discord da aka buɗe a 2015 don 'yan wasan kwamfuta aka gina shi, bai taɓa yi muku alkawarin zama ma'ajiyar ilimi ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Za ku ce buɗaɗɗen dandali ma yana mutuwa. Gaskiya ne, da yawa sun mutu. Bambancin shi ne, shafin da ke fili ana iya ɗaukar hotonsa tun yana raye. Internet Archive, rumbun adana shafukan intanet da Brewster Kahle ya kafa a 1996, ya ceto shafuka marasa adadi da masu su suka daɗe da watsar da su, ni kaina na sha tono amsa daga dandalin da ya rushe ta wannan hanya. Rufaffen ɗaki kuwa irin wannan rumbu ba ya iya shiga ya ajiye muku kwafinsa. Ranar da aka kashe fitila, shi ke nan.

Na uku, ƙofar da kuke gani a buɗe take, ba ga kowa take buɗe ba. A Oktoban 2024 hukumomin Rasha da na Turkiyya suka toshe Discord. Duk aikin da ya mayar da taimakonsa kacokan can, ya yanke hulɗa da masu amfani da shi a ƙasashe biyu a cikin mako guda, ba tare da jagororinsa sun yi shawarar hakan ba. A Disambar 2018 Slack ya rufe asusun mutanen da ya alaƙanta da Iran da wasu ƙasashen da Amurka ta sa wa takunkumi, har da waɗanda ziyara kawai suka taɓa kaiwa, daga baya ya ba da haƙuri. Ban da wannan akwai wanda ma'aikatarsa ta hana buɗe manhajar hira a kwamfutar aiki. Akwai wanda ba ya son ba da lambar wayarsa don kawai ya karanta layi biyu, kuma yana da gaskiya. Akwai mai intanet mai rauni, wanda shafin rubutu zalla zai buɗe masa amma manhaja mai nauyi ta tsaya tana juyi. Akwai makaho da na'ura ke karanta wa allo, ga saƙonni na ta zubowa kafin ta gama karanta na farko.

Akwai kuma mu da Turanci ba harshen uwa ba ne gare mu, kuma mu ne mafi yawa a duniya. A dandali mutum zai zauna ya tsara tambayarsa a natse, ya duba ƙamus, ya gyara, sannan ya aika. In amsa ta zo ya karanta sau uku. A hira kuwa sauri ne sarki. Kafin ka haɗa jimla ɗaya an wuce maganar, an shiga wata, da karin magana da gajerun kalmomin da sai ɗan gida ke ganewa. Haka nan wanda rana ke fitowa a wurinsa lokacin da ku kuke barci, kullum sai ya tarar an gama an tashi.

Wannan ya kawo ni ga koke na huɗu, wanda ya shafi amana. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ba lambobinta kaɗai ne a buɗe ba, har da dalilan da suka sa aka gina ta yadda take. A ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya aika saƙo a Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na fili, yana cewa yana ɗan gina wani tsarin sarrafa kwamfuta don nishaɗi, tsarin da daga baya ya zama Linux. Yau, bayan fiye da shekara talatin, kowa na iya karanta wannan saƙo da martanin da aka mayar masa. Muhawarar masu gina Linux har gobe a rubuce take a fili, in ka ga wani layi ya ba ka mamaki kana iya bin sawunsa har ka kai ga gardamar da ta haife shi, ka ga wa ya ce a'a da hujjarsa. Gidauniyar Apache, mai kula da ɗimbin irin waɗannan manhajoji, ita ma tana da tsohuwar ƙa'ida: duk abin da ba a tattauna a rubuce a zauren kowa ba, to kamar bai faru ba. Ku kwatanta da abin da ke faruwa yanzu. Sai a wayi gari an cire wani abu da dubban mutane suka dogara da shi, in an tambayi dalili a ce ai an tattauna a ɗakin hira. Yaushe? Su wa ke nan? Wa ya ƙi amincewa? Mutum shida da suka yi sa'ar kasancewa a farke sun yanke wa kowa hukunci, kuma bayan shekara biyu ko su kansu ba za su tuna dalilin ba. Sabon da zai gaji aikin zai tarar da gini ba tare da zanensa ba.

Na biyar gajere ne, kuma don ku nake faɗa. Kuna kashe kanku da maimaici. Tambayar da amsa ɗaya a fili za ta kashe ta har abada, yanzu kuna amsa ta kowane mako, ga kuma alamar da ke nuna kuna kan layi, kowa na jin yana da haƙƙin a amsa masa nan take. Na ga mutanen kirki da yawa sun gaji sun bar aikin da suke ƙauna. Ƙarshenta ma tsawar da aka gudo wa tana biyo mutane har cikin ɗakin, don wanda ya amsa abu sau hamsin ba za a same shi da fara'a a na hamsin da ɗaya ba.

Game da masu kwashe rubutu don horar da ƙirƙirarriyar basira, na fahimci ɓacin ranku, ni ma raina ya ɓaci. Amma rufe ƙofa bai hana ɓarawo shiga ba, maƙwabci kawai ya hana. Ɗakin da kowa ke iya shiga da goron gayyata ɗaya ba sirri ba ne. A 2024 an bankaɗo wani shafi da ya cusa asusun bogi a ɗimbin ɗakunan Discord yana kwashe saƙonnin mutane yana sayarwa. Kamfanin da ya ba ku ɗakin kuma kowane harafi yana hannunsa. Wanda aka rufe wa ƙofa da gaske shi ne ɗan koyo mai neman amsa tsakani da Allah. Ga kuma wani abu: tun da ChatGPT, na'urar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya, ya fito a Nuwamban 2022 mutane da yawa sun koma tambayar na'ura, tambayoyi a buɗaɗɗun wurare suka ragu ƙwarai. Na'urar kuwa daga wancan tsohon rumbu ta koya. A kan tsofaffin manhajoji tana ƙoƙari, a kan sababbin da duk zancensu ke kulle sai ta riƙa ƙago amsa da ƙarfin hali, ɗan koyo ya hau ya zauna, sannan ya zo ɗakinku da matsala biyu maimakon ɗaya.

To ga abin da muke roƙo, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu ce ku rufe ɗakunan hira ba. Ku bar su, a gaisa, a yi raha, a taimaki wanda wuta ta kama yanzu-yanzu.

Muna roƙo, kafin komai, kada ku goge tsohon dandali. In ba za ku iya kula da shi ba, ku hana sabon rubutu ku bar shi a karanta kawai. Shafukan da ba sa canzawa kusan ba sa cin komai. In hakan ma ya gagara, ku ba da sanarwa da wuri, ku miƙa kwafi ga masu adana tarihin intanet, kuma ku bar tsofaffin adireshin suna kai mutum inda abin ya koma.

Muna roƙon kowane aiki ya kasance yana da wuri ɗaya na tambaya da amsa wanda za a iya karantawa ba tare da asusu ba, kuma injin bincike na ganinsa. Wannan ba mafarki ba ne, akwai waɗanda ke yi. Masu gina Python, wani harshen rubuta manhaja, suna tattaunawa a fili ta manhajar dandali mai suna Discourse. Aikin LLVM, na kayan aikin masu rubuta manhaja, shi ma can ya koma a 2022 da ya bar tsohon tsarinsa, bai shige ɗaki ya kulle ba. Masu gina harshen Rust suna hira a manhajar Zulip, inda kowace magana ke da kanunta kuma ana iya buɗe sassa ga mai karatu daga waje. Mozilla, mai manhajar shiga intanet ta Firefox, da ta rufe IRC ɗinta a 2020 Matrix ta zaɓa, tsarin hirar da ba mallakin kamfani ɗaya ba ne. Ƙaramin aikin da ba shi da ƙarfin waɗannan yana iya kunna sashen tattaunawa na GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhajoji. Shi ma gidan wani ne, na sani, amma aƙalla tagoginsa a buɗe suke.

Muna roƙon ku ɗauki ƙa'idar Apache ko wani abu mai kama da ita. Duk shawarar da za ta canza yadda manhaja ke aiki, a rubuta ta a fili, a ba da kwanaki kaɗan don na nesa su farka su ce wani abu. In a hira aka fara maganar, wani ya taƙaita ta ya fito da ita, da hujjojin waɗanda suka yarda da na waɗanda suka ƙi. Haka rahoton kuskure: kada a karɓe shi a hira a bar shi a can, a nuna wa mai shi inda zai rubuta, ko a taya shi rubutawa.

Muna roƙon a mayar da kwashe amsa daga ɗaki zuwa fili aiki mai daraja, a riƙa yaba wa mai yin sa kamar yadda ake yaba wa mai gyara lambobi. In tambaya ta zo sau uku, ta cancanci shafi. Akwai ma manhajojin da ke fito da zaɓaɓɓun sassan hira zuwa shafin da kowa ke gani. In za ku yi amfani da su, ku sanar da mutane tun a bakin ƙofa, ku ba mai tambaya damar a cire sunansa, don wanda ya yi magana yana zaton a ɗaki yake bai kamata ya tsinci kansa a kasuwa ba. Ku kuma riƙa sauke kwafin tarihin ɗakin lokaci-lokaci ku ajiye a hannunku, kuma kada makullin ɗakin ya zama a hannun mutum ɗaya tak. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙo na ƙarshe ya fi sauran wuya, don ba manhajar da za ta yi muku shi. In kun sake buɗe wurin kowa, ku hana tsawa a cikinsa. Wanda ya maimaita tsohuwar tambaya a ba shi adireshin amsar da kalma mai daɗi. A bar mutum ya yi tambaya da sunan da ya ga dama. A ba shi ikon gyara ko janye abin da ya rubuta cikin rashin sani. In ba haka ba mutane za su sake guduwa, kuma wannan karon ba zan ga laifinsu ba.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Waccan amsa mai layi biyu da na samu a rana ta uku, na koma na nemi izinin wanda ya ba ni, na rubuta ta a fili tare da saƙon kuskuren yadda yake, harafi da harafi, don injin bincike ya gane ta. Akwai irina da yawa da ba su kai matsayin taɓa lambobinku ba amma za su iya wannan aikin, su kwashe, su tsara, su fassara zuwa harsunansu. Abin da ya rage shi ne ku nuna mana inda za mu zuba. A shafinku na farko, kusa da maɓallin nan da ke cewa a shigo ɗakin hira, ku ƙara adireshi na biyu.

Ku huta lafiya.

Naku,
Ɗaya daga cikin ɗalibanku da ba ku san da su ba.